Wa Ya Tsara Waƙoƙin Ɗiyar Mai Tufkar Igiya?

A shekarar 2006, wata farfesa a jami'ar Sorbonne da ke Faris mai suna Mireille Huchon ta fitar da wani littafi da ya ta da ƙura a tsakanin masana adabin Faransanci, kuma har yau ƙurar ba ta gama lafawa ba. Maganar da ta zo da ita ita ce, Louise Labé, mawaƙiyar birnin Liyon da aka shafe shekara 450 ana karanta waƙoƙinta na soyayya, ana koyar da su a makarantu, ana juya su zuwa harsunan duniya, ba ita ta tsara su ba. Huchon ba ta musa cewa an yi matar ba. An yi ta, ta yi aure, ta tara abin hannu, ta bar wasiyya a 1565. Amma waƙoƙin, in ji farfesar, aikin wasu maza ne, fitattun mawaƙan da ke kai da komo a Liyon a lokacin, irin su Maurice Scève da Olivier de Magny da Claude de Taillemont, waɗanda suka haɗa baki da mai maɗaba'a suka ƙago mawaƙiya, suka ɗora mata sunan wata mace da gari ya daɗe yana tsegumi a kanta. Marc Fumaroli, wanda a lokacin ɗan majalisar nan ne ta Académie française mai kula da harshen Faransanci, ya fito a jaridar Le Monde ya ce shi kam ya gamsu. Wasu masanan kuwa suka ce sun ga kaifin basira, amma ba su ga hujja ba.

Mai karatu zai ce ina ruwan Bahaushe da rigimar Faransawa a kan waƙoƙin ƙarni na 16. Ruwanmu shi ne makaman da aka yi faɗan da su. Duk wanda ya zauna ajin nazarin waƙa a Bayero ko Ɗanfodiyo ko Ahmadu Bello ya san su: salo da adon harshe, zaɓen kalmomi, zubi da tsari, sai tarihin mawaƙi da na zamaninsa. Su ne Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa a Gadon Feɗe Waƙa, su ne Abdullahi Bayero Yahya ya bi diddiginsu a Salo Asirin Waƙa. Mu mun saba ɗaukar su don mu gane yadda waƙa take aiki a kunne da zuciya. Huchon ta ɗauke su ta kai gaban alƙali, ta ce su ba da shaidar wanda ya haifi waƙar. A ganina salo gwani ne a aikin farko, amma a na biyun shaida ne mai rauni, wanda yakan faɗa wa mai tambaya abin da ya zo yana son ji.

Sai an san Liyon ta wancan zamani kafin a fahimci rigimar. Gari ne da ke mahaɗar koguna biyu, Rhône da Saône, a kan hanyar fatake tsakanin Italiya da arewacin Turai. Tun 1463 Sarki Louis na 11 ya ba shi izinin cin babbar kasuwa sau huɗu a shekara, sai attajiran Florence da Lucca suka kwararo suka buɗe gidajen canji da bashi. Injin buga littafi ya iso a 1473, kafin tsakiyar ƙarni na 16 kuma Liyon ta zama ta uku a Turai wajen ɗab'i, bayan Venice da Faris. Akwai kuma abin da garin ya rasa, rashin da ya zame masa alheri: ba shi da jami'a, ba shi da babbar kotun sarki irin ta Faris. Malaman tauhidi na Sorbonne, masu tace littattafai suna jefa marubuta da bidi'a, suna can nesa, tafiyar kwanaki a kan doki. Shi ya sa a unguwar masu ɗab'i, wajen titin Mercière, aka riƙa buga abin da Faris za ta yi ɗari-ɗari da shi. Italiyanci kuwa ana jin sa a kasuwa kamar yadda ake jin Larabci a tsohuwar Kurmi. Jean de Tournes, mutumin da zai buga littafin Labé, ya riga ya buga waƙoƙin Petrarch, mawaƙin Italiya, da Italiyanci a 1545, ya bi su da na Dante a 1547.

A cikin wannan gari aka haifi Louise a farkon shekarun 1520. Ubanta, Pierre Charly, mai tufkar igiya ne mai rufin asiri, sana'a mai tsoka a garin da jiragen ruwa ke lodi da sauke kullum. Mijinta, Ennemond Perrin, shi ma igiyar yake tufkawa. Daga nan ta samo laƙabin da gari ya san ta da shi, wato kyakkyawar gidan igiya, kuma har yanzu akwai titin Bellecordière kusa da dandalin Bellecour.

Littafin ya fito a 1555, ƙarami ne. Ya buɗe da wasiƙar sadaukarwa mai kwanan wata 24 ga Yuli, zuwa ga wata budurwa 'yar manyan gari, Clémence de Bourges, inda marubuciyar take kiran mata su nemi ilimi kada rayuwarsu ta ƙare a gindin mazari, take kuma cewa ta zaɓi Clémence ta yi mata rakiya saboda mace ba ta son fita cikin jama'a ita kaɗai. Sai doguwar muhawara cikin zube tsakanin Wauta da So: sun yi cacar baki a ƙofar walimar Jupiter, sarkin allolin Rumawa, a kan wa zai fara shiga, Wauta ta ƙwaƙule wa So ido, aka kai ƙara, lauyoyi suka yi ta zuba hujja, daga ƙarshe alƙali ya ɗage shari'ar har ƙarni 189, ya ce kafin nan Wauta ta zama 'yar jagorar makahon So. Sai dogayen waƙoƙin bege guda 3, sai gajeru guda 24 masu zubin da ake kira sonet, ta farkonsu da Italiyanci. A ƙarshe aka jero waƙoƙi 24 na wasu mawaƙa suna yabon ta, yawancinsu ba cikakken suna.

Sonet tana da ɗango 14: baiti biyu 'yan huɗu, biyu 'yan uku, da amsa-amo mai sarƙaƙiya. Faransawa ba sa auna kari da nauyin gaɓa, doguwa da gajera, kamar yadda muka gada daga aruli. Ƙirga gaɓoɓin suke yi, na Labé kuma goma-goma ne. Asirin zubin yana tsakanin ɗango na 8 da na 9. A nan waƙar kan juya: takwas na farko su kafa hali, shidan ƙarshe su warware shi ko su ƙalubalance shi. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin muhawarar da ke tafe.

Waƙar da aka fi haddace mata ita ce ta 8, kuma tun daga farko har kusan ƙarshe jerin kishiyoyi ce, abin da masananmu za su sa a babin jerin sarƙen bambanto: rai da ajali, zafi da sanyi, dariya da hawaye, duk a jiki ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya fara cin karo da ita zai rantse wannan kuka ne daga ƙahon zuci, ba wanda ya taɓa yin irinsa. Alhali Petrarch, wanda ya rasu a 1374, ya riga ya yi wannan jeri shekara 200 kafin ta, kuma a zamanin Labé duk saurayin da ya iya riƙe alƙalami a Turai yana ƙonewa yana daskarewa a takarda. Kibiyar ido, wutar so, kogin hawaye, garayar da ke taya mai bege kuka, duk kayan aro ne daga rumbu ɗaya. A nan Huchon ta kafa ƙafarta ta farko. Ta ce ku duba, babu abin da ke cikin waƙoƙin nan da ba a samu a wajen su Scève da Magny ba; siffantawa iri ɗaya, kamance iri ɗaya, har kalmomin amsa-amo sukan zo ɗaya.

Gaskiya ta faɗa, sai dai gaskiyar ba ta kai inda take son kai ta ba. A al'adar da mawaƙa ke ɗiba daga rumbu ɗaya, kamannin adon harshe ba ya nuna hannu ɗaya. Yana nuna makaranta ɗaya ne. Narambaɗa ya kira ubangidansa giwa, Ɗanƙwairo ya kira nasa giwa, Sarkin Taushin Katsina ma haka, ba kuwa wanda ya taɓa cewa mutum ɗaya ne ya shirya musu waƙoƙin a ɓoye. Rubutattun waƙoƙinmu ɗari nawa ne suka buɗe da yabon Ubangiji da salati ga Annabi da alaye da sahabbai, kusan da kalmomi ɗaya? Aska takwas ɗaya ce a wuyan kowace babbar riga; mai son gane maɗinki sai ya juya rigar ya dubi yadda allura ta bi.

To bari mu juya rigar, a daidai wurin da Huchon take ganin ta fi ƙarfi. Sonet ta 2 a littafin Labé da wata sonet a littafin Magny mai suna Les Soupirs, wanda ya fito a 1557, ɗangonsu takwas na farko ɗaya ne, kalma da kalma. Ba kama ba ce, abu guda ne. Magny kuwa ya ratsa ta Liyon a daidai wannan tsakani, yana sakataren wani jakadan sarki mai tafiya Rum. Ga mai neman hujjar haɗin baki, wannan kamar an kama ɓarawo da kaya a hannu ne.

Amma a karanta shidan ƙarshe. Takwas ɗin da suka yi tarayya a kai kiraye-kiraye ne zalla, ana ambaton idanu da ajiyar zuciya da dare da rana ɗaya bayan ɗaya, babu aikatau mai ɗaukar jimla, babu wanda aka fuskanta. Da Magny ya iso mahaɗar, sai ya ci gaba da jerin kamar bai ga kwana ba, ya ƙara kiraye-kiraye, ya rufe da roƙon sama da ƙasa su zame masa shaidun son da yake yi. Wato ya juya wa masoyiyar baya ya fuskanci 'yan kallo. Waƙar da ke littafin Labé kuwa, bayan ta lissafa gaɓoɓin mutumin da kayan kiɗansa a matsayin makamashin da aka tara don ƙona mace guda, sai ta waiwayo ta dube shi ido da ido, ta kai ƙararsa wurinsa: ya hura mata wuta ta ko'ina, shi ko tartsatsi bai taɓa shi ba. Jerin da ya kasance ado a hannun ɗaya ya zama takardar tuhuma a hannun ɗayar. Wannan shi ne abin da feɗe waƙa ya iya, kuma ya iya shi sarai: ya nuna maka mutum biyu sun tashi daga wuri ɗaya sun sauka garuruwa daban. Abin da bai iya ba shi ne ya faɗa maka wa ya fara rubuta takwas ɗin. Ko ita ta ara, ko shi ya ara, ko sun zauna ne a zaure ɗaya aka ba su mabuɗi ɗaya kowa ya kawo marufinsa, duk ukun suna iya yiwuwa. Abin da kawai takarda ta tabbatar shi ne nata ya riga nasa fitowa da shekara biyu.

Bahaushen da ya tashi yana jin Ishiriniya ba zai ga abin mamaki a nan ba. Baitocin Alfazazi ne, Ibn Mahib ya yi musu tahamisi, ya ɗora ɗango uku a kan kowane biyu, har suka narke suka zama abu guda a bakin masu bege. Tabbat Haƙiƙa ma hannu uku ta bi: Shehu Usmanu ya tsara ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Da wani manazarci zai zo bayan shekara 400, ba shi da labarin wannan al'ada, ya ga ɗangon Asma'u a cikin aikin Isa, da sai ya rubuta littafi ya ce Isa ne ya ƙago 'yar'uwar tasa. Shiga cikin waƙar wani a zauna, a al'adu da yawa, girmamawa ce ko wasa tsakanin abokai. Mu ne 'yan zamanin haƙƙin mallaka muke ganin ko dai sata ce ko zamba.

Zaɓen kalmomi ya fi adon harshe kusa da zama sawun mutum, don mawaƙi yana sane yake zaɓar siffantawa, amma ƙananan kalmomi da ginin jimla sukan kuɓuce masa. A nan tazarar da ke tsakanin Labé da Scève, wanda Huchon ta ɗauka shi ne uban tafiyar, ba ƙarama ba ce. Scève ya fitar da Délie a 1544, waƙoƙi 449 masu ɗango goma-goma, da zane-zane 50 a tsakaninsu. Harshensa a dunƙule yake, cike da kalmomin da ya ƙera daga Latin, yana yar da wakilin suna, yana murɗa jimla har sai mai karatu ya koma baya ya nemo mai aikin. Étienne Pasquier, wanda ya yi zamani da shi, ya rubuta cewa bai damu da rashin fahimtarsa ba tunda shi ma bai so a fahimce shi ba. Waƙoƙin da ke ɗauke da sunan Labé kuwa kalmominsu na yau da kullum ne, gajeru, aikatau ya fi sifa yawa, umarni da tambaya sun yi yawa, kuma kusan kullum akwai wanda ake yi wa magana: masoyin, ko garayar, ko matan Liyon da ake roƙo kada su yi saurin zargi. Nahawun Faransanci yana tona jinsin mai magana a sifa, kamar yadda "ni ce" take tona shi a Hausa, kuma mai maganar nan mace ce daga farko har ƙarshe. A tsarin Petrarch namiji ke ƙonewa, mace tana can sama shiru kamar gunki. A nan gunkin ne ya buɗe baki, yana so, yana nema, yana ƙorafi.

Ba zan ce wannan ya tabbatar mace ce ta rubuta ba. Ovid ya rubuta wasiƙun mata da muryar mata tun zamanin Rumawa, kuma a Kano ma mun san sau da yawa namiji ne ke rubuta baitin da zabiya za ta rera a fim. Haka nan hujjar da ake yawan kawowa, cewa Magny ya buga littattafan waƙa da sunansa har huɗu tsakanin 1553 da 1559 amma ba a tuna ko ɗaya kamar yadda ake tuna waɗannan 24, to me zai sa mutum ya kyautar da mafi kyawun aikinsa, ita ma hujjar ɗanɗano ce, ba ta wuce ta ɗaya ɓangaren nauyi ba. Inda na tsaya shi ne yadda da'awar take cin riba ta kowace fuska. In waƙar ta yi kama da ta Scève, an ce ga hannunsa. In ta saɓa, an ce ga gwanintarsa wajen ɓad da kama. In mawaƙan ƙarshen littafin sun yabe ta, an ce gatse ne. In an sami kalma mai harshen damo a cikin yabon, an ce ga inda suka ƙyafta wa juna ido. Da'awar da babu abin da zai iya ƙaryata ta, ko da an ƙirƙiro shi, ta bar hannun bincike ta koma hannun imani.

Kada a ɗauka Huchon ta yi aikin banza. Masaniya ce ta gaske a kan marubucin nan Rabelais da harshen ƙarni na 16, kuma ta tilasta wa kowa ya sake buɗe littafin 1555 a matsayin kaya da aka ƙera a shago, ba zuciya da aka tsiyaye a takarda ba. Wasan ɓoye suna sananne ne a Liyon. Rabelais da kansa ya fitar da Pantagruel a 1532 da sunan da ya harhaɗa daga haruffan sunansa. Akwai littafin labaran soyayya da aka buga a garin da sunan wata Jeanne Flore, wadda yawancin masana suke ganin suna ne kawai aka ara. Babu rubutun hannun Labé na waƙoƙin da ya iso gare mu. A 1584 ma wani malamin coci, Pierre de Saint-Julien, ya rubuta cewa muhawarar Wauta da So ta fi kama da aikin Scève. Kuma lallai littafi a wancan zamani yakan bi ta hannun masu gyara da masu jera haruffa da abokai masu ba da shawara, har ya zama da wuya a ce ga inda hannun wane ya tsaya. Wanda ya ce Labé ta zauna ita kaɗai a ɗaki ta fito da littafi cikakke bai san yadda ake aiki a titin Mercière ba. Amma tsakanin "an taya ta" da "ba ita ba ce" akwai tafiya mai nisa.

Ko a kotun alƙalin ƙauye an san mai da'awa shi ke kawo shaida. In salo ya kasa, sai a koma ga takardu, kuma takardun ba su goyi bayan Huchon ba. A watan Maris 1555 fadar Sarki Henri na 2 ta ba da takardar izinin ɗab'i, ba da sunan Jean de Tournes ba, da sunan Louise Labé, bisa roƙonta, tana cewa ta daɗe da tsara waɗannan ayyuka kuma wasu abokai sun ɗauke su suna yaɗawa tun ba su kammala ba. Yi wa fadar sarki ƙarya a rubuce ba wasan yara ba ne ga mai maɗaba'a a wancan lokaci. Shekara 9 kacal kafin nan, ranar 3 ga Agusta 1546, aka ƙone Étienne Dolet a dandalin Maubert na Faris bisa tuhumar bidi'a, shi da littattafansa, kuma Dolet ɗan unguwar ne. Shi da de Tournes duk sun yi aiki a maɗaba'ar Sébastien Gryphe. Na yarda waƙar soyayya ba bidi'a ba ce, ba za a ƙone kowa a kanta ba. Amma mutanen da suka ga abin da ya sami abokin sana'arsu ba su ne za su yi wa hatimin sarki shaƙiyanci don nishaɗi ba.

Sai batun Clémence de Bourges. Idan littafin raha ce da aka shirya a kan macen da ake yi wa kallon karuwa, to an ɗauki sunan budurwa 'yar babban gida an manna a goshin rahar, a garin da kowa ya san kowa, aka kuma sake buga shi a 1556, ba a ji dangin sun ɗaga murya ba. Ga kuma maƙiya. John Calvin, jagoran Furotesta a Geneva, ya zage ta a rubuce a farkon shekarun 1560 da kalmar da ba ta da daɗin maimaitawa. Claude de Rubys, mai rubuta tarihin Liyon, bai raga mata ba. Antoine du Verdier, a kundin marubutan Faransa da ya fitar a Liyon a 1585, ya yi maganar halinta yadda ya ga dama, amma ya lissafa ta a cikin marubuta ya kuma jero ayyukanta. Mutanen da suke neman abin da za su jefe ta da shi, da sun ji ƙishin-ƙishin cewa waƙoƙin ba nata ba ne, da shi za su fara. Sirrin da mawaƙa kusan goma da ma'aikatan maɗaba'a suka sani ba ya kwana, balle ya shekara 450. Mawaƙa ba su yi suna wajen riƙe baki ba.

Saura Saint-Julien, shi kaɗai, bayan shekara 29 da fitar littafin da kusan 20 da rasuwarta. In aka duba dalilinsa kuwa, ba cewa ya yi ya gani ko an faɗa masa ba. Cewa ya yi aikin ya fi ƙarfin mace irinta. Ina jin wannan ita ce jijiyar maganar tun daga 1584 har 2006, ko da an sake mata riga: ina ɗiyar mai igiya ta samo Italiyanci da tatsuniyoyin Girkawa da dabarun lauyoyi? Tarihin garin ya amsa. Pernette du Guillet, wata 'yar Liyon, de Tournes ɗin nan ya buga waƙoƙinta a 1545 bayan rasuwarta. Matan masu ɗab'i sukan riƙe maɗaba'a in mazan sun mutu. Attajirin da ke son ɗaukaka gidansa yakan ɗauko wa 'yarsa malamin kiɗa da na harshe. Mu ma mun san irin wannan tambaya. Tun da mata suka cika kasuwar littattafan Hausa a shekarun 1990, ba a rasa mai cewa ai wane ne yake rubuta wa wance, galibi ba tare da ya karanta ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Abin da ya kare Nana Asma'u daga irin wannan ba salonta ba ne, duk da tana da shi. Gida ne da silsila. Zuriyar mijinta Waziri Giɗaɗo ta adana takardunta har zuwa hannun Waziri Junaidu, inda Jean Boyd ta same su, ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukanta a 1997. Su jaji da 'yan taru, wato matan da suka yi karatu a wurinta, sun ɗauki waƙoƙin da ka, suna faɗin daga wa suka karɓa. Ga ramzi a ƙarshen waƙa yana ba da shekara, ga wasiƙu tsakaninta da malaman zamaninta. Labé ba ta bar ɗa ba, ba ta bar almajirai ba, ta rasu a 1566 a gidan gonarta da ke Parcieux a lokacin da yaƙin Katolika da Furotesta ya riga ya tarwatsa Liyon ɗin da ta sani. A ma'ajiyarmu ta Arewa House da ta Sakkwato akwai waƙoƙin ajami da yawa da halinsu ya fi kama da na Labé: suna a baki ko a gefen takarda, babu gida a bayansa. Ranar da aka zauna tantance su, jarabar da ta kama Sorbonne za ta kama mu, ta ɗaukar kamannin baiti a mayar da shi hukunci.

A 2021 kamfanin Gallimard na Faris ya shigar da Louise Labé cikin jerin Pléiade, wanda shi ne ƙololuwar karramawa ga marubuci a Faransa, ya kuma damƙa aikin a hannun Huchon, wato wadda ta ce marubuciyar ba ta rubuta komai ba. Shekara ɗaya bayan haka Michèle Clément da Michel Jourde, dukansu malaman jami'a a Liyon, suka fitar da nasu bugun na aljihu a Flammarion, suka bar mata kayanta. Shi kuwa Maurice Scève, wanda ake son a miƙa wa aikin, da ya fitar da Délie a 1544 bai sa cikakken sunansa a kai ba; hotonsa ne kawai da haruffan farko na sunansa. Ba a taɓa rubuta littafi don tambayar ko shi ya tsara ta ba.